Wa ke sanya ranakun hutu, kuma me ya sa Sallah ta fi 1 ga Oktoba shiga rai?

Wani matashi haifaffen Jos, wanda aikin gwamnati ya kai shi Abuja, ya aiko mini da tambaya mai rassa uku. Yana son sanin wanda ke da ikon sanya ranakun hutu a Najeriya, da inda kowace ta samo asali, sannan ya faɗi abin da ya fi damunsa: ranar 1 ga Oktoba, ranar bikin 'yancin kai, takan zo ta wuce bai ji komai a ransa ba, iyakarsa barci da wanki, alhali tun Sallah na saura mako biyu yake fara lissafin kuɗin mota da tsarabar da zai kai gida. Yana tambaya ko wannan alamar rashin kishin ƙasa ce.

Ɗana, na yi shekara fiye da talatin ina koyar da tarihi a makarantun sakandare a nan Filato, kuma reshe na uku na tambayarka shi ne wanda ɗalibai ba su cika tambaya ba, shi ne kuma ya fi cancantar amsa. Amma bari mu fara da doka, domin ita ce mai sauƙi.

Akwai dokar ranakun hutu ta tarayya wadda aka kafa a 1979, kuma ita ce tushen abin da ake bi har yau, tare da gyare-gyaren da aka yi mata. Ministan Harkokin Cikin Gida shi ke fitar da sanarwa a madadin gwamnatin tarayya. Shugaban ƙasa yana da ikon ware rana ta musamman ga ƙasa baki ɗaya, gwamna kuma ga jiharsa, shi ya sa za ka ji wasu jihohin Arewa sun ba da hutun 1 ga Muharram, wasu jihohin Yarbawa kuma sun ba da 20 ga Agusta saboda masu addinin gargajiya, alhali kai da sauran ma'aikatan tarayya kuna ofis. Idan ka ƙirga a shekarar da ba a yi ƙari ba, za ka sami kwana 13: biyu na Ƙaramar Sallah, biyu na Babbar Sallah, ɗaya na Maulidi, biyu na Ista, biyu na Kirsimeti, sai Sabuwar Shekara, sai uku na ƙasa, wato 1 ga Mayu da 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba. Wannan lissafi kaɗai ya ɗauko rabin amsarka. Kwana tara daga cikin 13 na addini ne, kuma gwamnati tarar da su ta yi, ta sa musu hannu kawai domin a rufe ofisoshi da bankuna.

Ɗauki Sallah. An farlanta azumin Ramadan a shekara ta 2 bayan Hijira, a shekarar kuma aka fara sallar Idi a Madina, layya kuwa tana komawa ne ga Annabi Ibrahim, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ƙasar Hausa, tarihin Kano ya nuna ana fita Idi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, wato shekaru ɗaruruwa kafin Lugard ya haɗe Kudu da Arewa ranar 1 ga Janairun 1914. Har yanzu ma ba minista ke tsayar da ranar Sallah ba. A daren 29 ga Ramadan kunnuwa na fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, inda ake tattara rahoton ganin wata, kuma an sha ganin gwamnati ta ba da kwana biyu, wata bai tsaya ba, azumi ya cika 30, dole ta dawo ta ƙara kwana guda. Da yake shekarar Hijira kwana 354 ko 355 ce, Sallah takan matso da kwana 10 ko 11 kowace shekara, sai ta yi kamar shekara 33 kafin ta zagayo inda ta faro. Mutumin da ya kai shekaruna ya yi Idi cikin hazon hunturu, ya yi shi cikin zafin bazara, ya kuma yi shi ruwan Agusta na dukan tabarmarsa. Maulidi shi ne ake da saɓani a kansa, kuma mu mutanen Jos mun fi kowa sanin haka, domin a garin nan aka kafa ƙungiyar Izala a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, wadda ba ta yarda da bikin ba, yayin da 'yan ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya ke cika tituna da zagaye da yabon Manzo. Doka ba ta tsoma baki a muhawarar ba, ta ba kowa ranar 12 ga Rabi'ul Awwal, mai fita ya fita, mai zama ya zauna.

Bukukuwan Kirista ma haka suke, sun girmi ƙasar nesa ba kusa ba. Ista, wadda ake tuna gicciye Yesu Almasihu da tashinsa bisa imanin Kirista, ita ma wata take bi: ana yin ta ranar Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo daga 21 ga Maris, ƙa'idar da ake dangantawa da taron manyan limaman coci na Nikiya a shekarar 325, shi ya sa take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Kirsimeti kuwa an sami shaidar yin ta ranar 25 ga Disamba a birnin Rum tun shekarar 336. 'Yan mishan ne suka kawo su Filato a farkon ƙarni na 20, amma tuni suka zama na gida. A Jos hedkwatar cocin ECWA da ta COCIN suke, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, kuma a yawancin majami'un ƙauyukan Filato da Hausa ake waƙoƙin Kirsimeti, da kalangu da tulu da kacau-kacau na zumuntar mata.

To, me ya sa waɗannan ke shiga rai? A ganina, saboda kowace tana ba hannu aikin yi a cikin gida. Akwai ɗinkin da za a karɓo wurin tela, da ragon da za a yi ciniki, da zakkar fid da kai da za a auna, da lalle da kitso, da dattijon da dole a je a gaishe shi. Yaro ɗan shekara biyar bai san ma'anar layya ba, amma ya san shi ke riƙe ƙafar rago, ya san shi za a aika da nama gidan gwaggo. Ma'ana takan zo daga baya ta tarar da al'ada ta riga ta yi mata shimfiɗa.

A Jos da na tashi, aikin nan na hannu yakan tsallaka katanga. Mun yi shekaru muna maƙwabtaka da wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ɗan ƙabilar Ngas, kuma duk jajibirin Kirsimeti shi da kansa yake zuwa ya yi sallama ya ce, “Malam, a zo a yanka mana akuya,” domin yana son abincin gidansa ya ciwu ga kowa a layin. Ba zan manta Disambar 2000 ba. A shekarar Kirsimeti ta faɗo cikin kwanakin ƙarshe na azumi, Ƙaramar Sallah kuma ta biyo bayanta da 'yan kwanaki kaɗan. Matarsa, wadda duk layin ke kira Mama, ta gama girkinta tun da hantsi, amma ta hana a fitar da rabonmu. Sai da rana ta yi ja, sanyin nan na Jos ya fara sauka, ta sake ɗumama miyar, ana kiran magariba sai ga jikarta a ƙofa, cikin sabuwar rigar sanyi, da langa a kai an ɗaure da farin kyalle: shinkafa da miyar akuya da cincin. Da Sallah ta zo, langar nan ba ta koma wayam ba, maiɗakina ta cika ta da waina da miyar taushe. A makon nan yaran gidajen biyu tare suka tafi gidan zu, ba ka bambance mai kayan Kirsimeti da mai kayan Sallah.

Wata tara bayan haka, ranar 7 ga Satumbar 2001, rikici ya ɓarke, aka sake a Nuwambar 2008 da Janairun 2010. Unguwanni suka rabu, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, maƙwabcin nan nawa ma ya sayar da gidansa ya tashi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ranakun bikin kansu suka zama abin hari: bama-bamai sun tashi a Anguwan Rukuba da Gada Biyu a jajibirin Kirsimetin 2010, a ƙarshen Agustan 2011 kuma aka far wa masu sallar Idi a hanyar Rukuba. Na kawo maka wannan ne domin ka gane cewa hutun addini a ƙasa irin tamu yana da fuska ta biyu. Da doka ta rufe ofis ga Musulmi ranar Kirsimeti, ta rufe ga Kirista ranar Sallah, ta ba kowane ɗan ƙasa sukunin halartar farin cikin ɗan'uwansa. Kai da ke ganin ba ka da kishin ƙasa, idan ka taɓa ɗaukar naman layya ka kai wa abokin aikinka Kirista a Kubwa ko Nyanya, to ka yi wa Najeriya hidimar da ta fi ɗaga tuta.

Yanzu mu zo ga ukun nan na ƙasa. Su ƙirƙirarsu aka yi, muna da shekarar haihuwar kowace.

Ranar ma'aikata daga Amurka ta faro. A farkon Mayun 1886 ma'aikata a birnin Shikago suka shiga yajin aiki suna neman a taƙaita aikin yini zuwa awa 8, aka yi arangama da 'yan sanda, aka rasa rayuka, daga baya aka rataye wasu jagororinsu. A 1889 taron ƙungiyoyin 'yan gurguzu da na ƙwadago a birnin Faris na Faransa ya tsayar da 1 ga Mayu don tunawa da su. Abin da matasan Arewa da yawa ba su sani ba shi ne, a Najeriya daga Arewa hutun ya fara: gwamnatocin jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, ta Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna, su suka fara ba da shi a 1980, sannan gwamnatin Shehu Shagari ta mai da shi na ƙasa a 1981. Kafin nan ma'aikatanmu sun riga sun biya nasu farashin, da babban yajin aikin 1945 wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, da kuma mahaƙan kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley ta Inugu ranar 18 ga Nuwambar 1949.

Ni wannan rana ita ce ta fi taɓa ni cikin ukun, domin ni ɗan leburan kuza ne. Garin Jos kuza ce ta gina shi, ita ta jawo layin dogo, ita ta tara Hausawa da Barebari da Ibo da Yarbawa da Urhobo a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta kama Malaya a 1942 Ingila ta rasa kuzar can, sai aka shiga ɗibar dubban talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas a ma'adinan Filato har zuwa 1944, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Mutanen da suka saba da zafin Sakkwato da Katsina aka jibge su cikin sanyin tsauni babu bargon kirki, babu isasshen abinci, da yawa ba su koma gida ba. Mahaifina a cikinsu ya zo yana saurayi, Allah ya yi masa tsawon rai ya zauna. Tsakiyar kansa babu gashi, ba don sanƙo ba, kwanon ƙasa ne ya cinye wurin, kuma muna yara yakan kama hannunmu ya ɗora a kai mu ji yadda fatar ta yi kanta. Duk 1 ga Mayu, sa'ad da ƙungiyoyin ƙwadago ke maci cikin ankon atamfa ana jawabi kan mafi ƙarancin albashi, tafin hannuna wannan wurin yake tunawa.

Ranar 1 ga Oktoba kuwa kowa ya haddace ta, kaɗan ne suka san hanyar da aka bi. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a sauya shekarar da cewa sai lokacin da ya dace, saboda Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ma'aikatu. Arewa ta karɓi mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959, sannan da tsakar daren da ya wayi 1 ga Oktoban 1960 aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Legas, aka ɗaga kore da fari da kore wadda wani ɗalibi, Taiwo Akinkunmi, ya zana. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya, ta miƙa takardun 'yanci ga Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauchi. Daga nan ranar ta riƙa tara wasu abubuwan: a ita aka zama jamhuriya a 1963, a ita Obasanjo ya miƙa wa Shagari mulki a 1979, a ita kuma Abacha ya ƙirƙiro jihohi shida a 1996, ciki har da Nasarawa da aka cire daga Filato. Duk sanda ka taso daga Abuja ka ratsa Keffi da Akwanga kafin ka hau Hawan Kibo, ƙasar da ta kasance jiharku kake takawa, har zuwa wata 1 ga Oktoba.

Mu da muka yi firamare a shekarun 1960 mun san wannan rana da aikin hannu irin na Sallah. Mako uku ana gwajin maci bayan tashi, a jajibiri a wanke kayan makaranta a sa shuɗi, a goge da dutsen guga na gawayi, a shafa wa takalmin kambas farin alli a jingine a rana. Da asuba a jera zuwa filin, kowa da 'yar tutarsa, ana fafutukar makarantar da za ta zo ta ɗaya. Da na zama malami ni ma na yi shekaru ina busa usur ina gyara sahu. A hankali abin ya yi ta ja da baya saboda tsadar rayuwa da matsalar tsaro, musamman bayan bama-baman da suka tashi kusa da dandalin Eagle Square na Abuja ranar cikar ƙasa shekara 50 a 2010, inda aka shafe wasu shekaru ana yin bikin a cikin fadar shugaban ƙasa. Sai ranar ta koma jawabin safe a rediyo da talabijin. Wanda aka haifa a wannan zamani ba a ba shi komai ya riƙe ba, don haka ban ga laifinka ba, Ɗana, laifin namu ne da muka bar al'adar ta mutu ba mu sa wata a gurbinta ba. Na san kuma akwai wani dalilin: da wuya mutum ya yi murnar ranar haihuwar ƙasa alhali albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Wannan fushin halal ne, amma da masu mulki ya kamata a yi shi, waɗanda suka karɓo 'yancin ba su ci bashinsa ba.

Ranar dimokuraɗiyya ita ce ƙarama a shekaru. Da farko 29 ga Mayu ce, ranar da Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa wa Obasanjo mulki a 1999. Ranar 6 ga Yunin 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da mayar da ita 12 ga Yuni, aka gyara doka a 2019, 29 ga Mayu ta rage ranar rantsar da sababbin shugabanni duk shekara huɗu. Nakan ji mutanenmu suna cewa 12 ga Yuni rigimar mutanen Legas ce, kuma wannan kuskure ne da nake son ka taya ni gyarawa. A nan Jos jam'iyyar SDP ta yi babban taronta a Maris 1993, inda Moshood Abiola ya kayar da Babagana Kingibe da Atiku Abubakar, daga baya ya ɗauki Kingibe mataimaki. Ranar Asabar 12 ga Yuni 1993 'yan Najeriya suka zaɓi tikitin Musulmi biyu, Kiristocin Filato na cikin waɗanda suka ba shi ƙuri'a, Kanawa kuma suka fifita Abiola a kan ɗansu Bashir Tofa na NRC. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen ranar 23 ga Yuni, aka tsare Abiola a 1994, aka harbe matarsa Kudirat a 1996, shi kuma ya rasu a tsare ranar 7 ga Yulin 1998. Ina goyon bayan sauyin da aka yi, domin 29 ga Mayu tana tuna abin da manya suka yi a kan dandamali, 12 ga Yuni kuwa tana tuna abin da talakawa suka yi a layin zaɓe, ranar da suka ajiye addini da ƙabila a gida. Ni ma ina cikin layin a ranar, maƙwabcin nan nawa yana gabana.

Akwai kuma 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, wadda ba a rufe ofis amma ake ajiye furanni a Abuja da manyan biranen jihohi. An ɗauko ta daga ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, lokacin mulkin Janar Yakubu Gowon, ɗan Filato. Kunnen ɗan Arewa kuwa in ya ji 15 ga Janairu, juyin mulkin 1966 yake fara tunawa, wanda ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa, kuma duka biyun gaskiya ne, rana ɗaya ta ɗauki mafarin masifar da ƙarshenta.

Shawarar da zan ba ka ita ce ka yi wa ranakun ƙasa abin da iyayenmu suka yi wa Sallah, wato ka ɗaura wa kowace wani aiki ƙarami da za ka riƙa maimaitawa har 'ya'yanka su saba. In ka zo gida Babbar Sallah, zauna da mahaifinka ka tambaye shi inda yake ranar 12 ga Yunin 1993, ka tambayi kakarka abin da ta ji ranar da aka ce Bature ya tafi, ka ɗauki muryarsu a wayarka tun suna raye, sannan ranar 1 ga Oktoba ka kunna wa ƙannenka. Ni abin da na ɗaura wa 1 ga Mayu shi ne zuwa Bukuru da jikokina. Mukan tsaya a bakin ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari, ruwansa kore shar, tudun jar ƙasa a gefe, in nuna musu zurfin ramin, in ce da kwano a ka aka kwashe wani sashe na ƙasar nan, kakanku na cikin masu ɗauka. Bara ƙaramar cikinsu ta tambaye ni kwano nawa ya ɗauka a yini, na ce mata ban taɓa tambayarsa ba.